Dajin da muka daina shiga, wa ya tare a cikinsa?

Ranar wata Juma'a bayan la'asar muna zaune a majalisa, a ƙofar gidan wani abokina a nan Bauchi, shayi na zagayawa, sai na ce in an ba yara hutu ina so in kai su Yankari mu kwana biyu. Ban rufe baki ba mai gidan ya dire kofinsa ya dube ni.

"Malam, lafiyarka ƙalau kuwa? Mutane na sayar da gona da shanu su fanso 'yan'uwansu daga daji, kai kuma za ka kwashi 'ya'yanka, ka biya kuɗin ƙofa, ka kai kanka?"

Majalisa ta kwashe da dariya. Wani daga gefe ya ce boko ne ya yi mini yawa, in ba haka ba me Bahaushe zai je nema wurin biri.

Dariyar ba ta dame ni ba, mun saba. Abin da ya tsaya mini a rai a gida na same shi. Da dare na tambayi autana, ɗan shekara takwas, na ce, "Kai, mene ne daji?" Ko tunani bai yi ba ya ce, "Inda ake kai mutane in an sace su."

Yaron bai yi ƙarya ba. Abin da yake ji ke nan a rediyo da bakin manya tun da ya yi wayo: an shiga da su daji, sun fito daga daji, an kai kuɗin daji. A kunnensa daji ba shi da giwa, ba shi da kogi, ba shi da kanya da ɗinyar da muka sha muna yara.

Ra'ayina a nan shi ne, duk gandun dajin da ya rage mana a Arewa wanda har yanzu ake iya shiga a fito lafiya, ya kamata mu riƙa zuwa, mu da iyalanmu da ɗaliban makarantunmu. Dalilina kuwa, daji ba ya zama babu mai shi. In mutanen kirki suka ɗauke ƙafa, wasu ne za su tare, kuma mun ga irin waɗanda ke tarewa.

Ga wanda bai sani ba, Yankari gandun namun daji ne a ƙaramar hukumar Alkaleri, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, sannan ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Daga cikin gari ka ɗauki hanyar Gombe, ka karya a Dindima, ka shiga ta ƙofar Mainamaji. Tafiyar awa biyu ce ko ta ɗan ɗara. Amma a majalisar nan tamu ta mutum tara, biyu ne kacal muka taɓa zuwa.

Tsaro fa?

Da wannan zan fara, don shi ne abin da kowa zai fara faɗa, kuma da gaskiyarsa.

Ba zan ce wa kowa ya ɗauki iyali ya nufi Kamuku da ke Birnin Gwari ba, duk da gandun ƙasa ne tun 1999. Ba zan ce a je Rugu ko Kuyambana ba. Ko gandun Kainji, wanda shi ne gandun ƙasa na farko a ƙasar nan, masu ɗauke da makamai sun daɗe da samun mafaka a wasu sassansa. A Nijar ma, ranar 9 ga Agustan 2020, an kashe mutum takwas a Kure, wurin raƙuman dawa kusa da Yamai: Faransawa shida da 'yan ƙasa biyu. Kallon dabbobi kawai suka je. Saboda haka ba na cikin masu cewa tsoro ragwanci ne, kuma ban ce ɗan yawon buɗe ido da kyamararsa zai kori mai bindiga ba.

Amma mu duba yadda abin ke somawa. Sambisa da kowa ke ambato yau da fargaba, gandun namun daji ne tun zamanin Turawa, har da ɗakunan saukar baƙi a cikinsa. Kafin Boko Haram su mai da shi gida, an riga an yi watsi da shi: kulawa ta ja baya, mafarauta da masu saran itace suka ci karensu babu babbaka, baƙi suka daina zuwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masu bindiga ba su ƙwace dajin daga hannun kowa ba, a yashe suka tarar da shi.

Abin da baƙo ke kawowa ba ƙarfi ba ne, dalili ne. Saboda shi ake gyara hanyar cikin daji, saboda shi ake biyan mai gadi, saboda shi motar sintiri ke samun mai. Sannan akwai abin da ya fi wannan. Wurin da dubban ɗalibai suka taɓa kwana, in aka ce 'yan bindiga sun matso shi, za a samu masu ihu a rediyo da Facebook har maganar ta kai kunnen gwamna. Wurin da ba wanda ya taɓa gani kuwa, sai dai a ji sunansa a labarai bayan an gama ɓarna. Mutum ba ya kuka a kan abin da bai san kamarsa ba.

Kuma kada wani ya ɗauka Yankari ya tsira har abada. An sha jin hare-hare a wasu ƙauyukan Alkaleri a 'yan shekarun nan. Wannan dalili ne na a yi tambaya kafin a tashi, a yi tafiyar rana, kada a shiga ko'ina sai da ma'aikacin gandun. A wurina kuma dalili ne na kada a bar wurin ya yi shiru.

Gida bai ƙoshi ba

Na biyu sai a ce, ana fama da abin da za a ci, wa ke ta giwa? Gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa.

Na yarda. Magidancin da ke fita da safe bai san inda awon dare zai fito ba, ba da shi nake ba, Allah ya buɗa masa. Da wasu nake. Da mai kai iyali Dubai ko Masar hutu, ya dawo yana ba mu labarin sahara, alhali bai taɓa taka Alkaleri ba. Da mu masu albashi da muke fitar da kuɗin anko sau uku a wata ba gardama. Da makarantun kuɗi da ke karɓar kuɗin yawon buɗe ido daga iyaye, sannan su kwashi yara su kai su babban kanti su kalli kayan da ba za a saya musu ba.

In kuma an ce mutanenmu ba su da sha'awar dabbobi, a je gidan zu na Kano ranar sallah. Layi ne har titi, yara da kwalliyarsu, kowa ya biya don ya ga zaki a keji yana hamma. Sha'awa tana nan daram. Abin da babu shi ne wanda zai ce mata ga hanya. Da jihohi za su sa wa ɗaliban makarantun gwamnati kuɗin shiga na jeka-na-yi-ka, su ba da mota ko sau ɗaya a zango, da an ga abin mamaki. Ni kaina da motar makaranta na fara zuwa, muna sakandare, kuma har yau ina tuna ihun da muka yi da garken ɓauna ya tsallaka gabanmu.

Wai ɗabi'ar Turawa ce

Wannan ita ce ta fi ba ni dariya, don harshenmu kansa ya ƙaryata ta.

In za a gai da sarki, "Zaki" ake cewa. Babban mutum toron giwa ne. Matar sarki giwa ce. Yaro ya tashi da tatsuniyar kura da gizo, ya ji ana cewa giwa a garin wani zomo ce. Muna da Sarkin Dawa, muna da Sarkin Baka. Bakinmu cike yake da dabbobin da jikokinmu ba su taɓa gani ba. Tambayi matashi a yau bambancin gwanki da kanki, ko gwambaza da mazo, ka ga yadda zai dube ka. Kalmomin nan suna mutuwa ne a bakinmu saboda masu sunan sun ɓace daga idonmu.

Gaskiya ne kakanninmu ba sa shiga daji don kallo. Farauta ke kai su, ko itace, ko kiwo, ko saiwar magani. Amma ai ba su da buƙatar shirya tafiya, daji na bayan gari, da dare ana jin kukan kura daga kan gado. Mu ne muka cinye shi har ya koma sai an shiga mota an biya kuɗi. Kuma muna kan ci. Mu mutanen birni da ke cewa ba ruwanmu da daji, kullum a buhu ake kawo mana shi: kowane buhun gawayi kirya ce ko marke da aka kayar a wani wuri. Madobiya kuwa an yi shekaru ana lodinta a manyan motoci zuwa tashar jiragen ruwa, a kai Sin a yi kujeru.

Ta fuskar addini ma keɓe wuri ba baƙon abu ba ne. Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'i kusa da Madina, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Kuma an umurce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu dubi halitta. Ban ga yadda za a yi wannan duban daga kan benci a majalisa ba.

Wikki

Zuwana na ƙarshe da manyan yarana biyu na je, lokacin sanyi. Da asuba bayan salla muka gangara matakalar da ke kaiwa Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Yankari. Ruwan daga ƙarƙashin wani dutse yake ɓulɓulowa, ɗuminsa bai canzawa rani da damina, digiri 31 ne dare da rana. Saboda hunturu, tururi ne ke tashi a kansa kamar an ɗora tukunya. Garau yake, kana tsaye ruwa iya ƙirji kana ganin yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Yaron da na sha fama da shi a gida kafin ya yarda ya yi wankan safe, sai da na yi da gaske kafin ya fito.

Da muka hau sama muka tarar da gadu uku a tsakanin ɗakuna, sun durƙusa a kan gwiwoyin gaba suna kiwo, ko kallonmu ba su yi ba. 'Yata na riƙe da ledar burodi. Kafin in ce mata ta ɓoye, wani ƙaton gwaggon biri ya diro daga kan rufi, ya fizge, ya koma gefe ya zauna, ya kwance ledar da yatsu kamar wanda ya aike ta. Ta yi kuka na minti biyu. Yau shekara nawa, duk baƙon da ya zo gidanmu sai ta ba shi labarin.

Na san akwai masu cewa wurin wankan nan ana cakuɗa maza da mata, kuma wasu shashanci ke kai su. Akwai ƙamshin gaskiya, musamman lokacin bukukuwan ƙarshen shekara. Maganinsa mai sauƙi ne: a ware sa'o'in mata da iyali, mai iyali kuma ya zaɓi ranakun da ba cunkoso. In masu kamun kai suka ƙaurace, wa suka bar wa wurin?

Waɗanda giwa ke ci wa gona

Duk abin da na faɗa a baya zan iya kare shi a kowace majalisa. Wannan ne ke sa ni yin shiru.

A hanyar dawowa mun tsaya wani ƙauye sayen zuma. Dattijon da ke sayarwa ya tambaye ni ko mun ga giwa. Na ce ba mu dace ba. Ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ku kuna biya ku gan ta ba ku gan ta ba. Mu ba mu biya, har gona take zuwa ta same mu." Ya ce garke ɗaya in ya faɗa gonar dawa ana dab da girbi, kafin gari ya waye sai kara. Aikin damina guda, abincin gida na shekara.

Me zan ce masa? Giwayen Yankari, waɗanda ake ƙiyasta ba su wuce 100 zuwa 150 ba, suna cikin garke mafi girma da ya rage a Najeriya. A wurina abin alfahari ne. A wurinsa yunwa ce mai ƙafa huɗu. Haka makiyayin da ke kallon ciyawa shar a tsallaken iyaka cikin watan Afrilu, shanunsa na faɗuwa, in ya shiga a kama shi. Haka maharbin da ya gaji baka daga kakansa, yau sunansa ɓarawon daji. Duk wanda ke son a riƙa ziyartar gandun daji amma bai da amsar da zai ba mutanen nan, hoto kawai yake so.

Kuma ba batun tausayi kaɗai ba ne. Mutumin ƙauyen da ke bakin daji shi ne ya san wanda ya shiga da wanda ya fita. Shi zai fara ganin baƙuwar fuska a kan babur. In dajin bai taɓa amfana masa komai ba sai asara da tara, don me zai kai rahoto? Ko bai haɗa baki da kowa ba, shirunsa kaɗai ya isa.

An gwada wasu hanyoyi, kuma sun yi aiki. A Kure, raƙuman dawa ba a cikin shinge suke ba, a tsakanin gonakin mutane suke yawo suna taɓa wake. A 1996 kimanin 50 suka rage. Aka jawo mutanen yankin cikin lamarin, 'ya'yansu suka zama masu yi wa baƙi jagora, ƙauyuka suka samu tallafi, sai ga adadin ya haura 600, har a 2018 aka ɗebi wasu aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi. A Zakuma ta Chadi, giwaye sun faɗo daga kusan 4,000 a 2002 zuwa kimanin 450 a 2010, shekarar da ƙungiyar African Parks mai kula da gandayen daji ta karɓi ragamar wurin. Ba da bindiga kaɗai suka tsayar da kisan ba. Sun haɗa ƙauyuka da rediyon oba-oba, sun ɗauki 'yan yankin aiki, sun gina makarantu, har garken ya soma haihuwa kuma. A Yankari ma ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta sa wa wasu giwaye na'ura a wuya don a san inda suka nufa, ta kuma ɗauki mutanen ƙauyuka su riƙa sa ido suna sanar da manoma.

Abin da nake so in gani ya wuce haka. A fitar da wani kaso sananne daga kuɗin ƙofa, a rubuta shi ɓaro-ɓaro a allo a Mainamaji, kowa ya san na ƙauyukan kewaye ne, a kuma ga rijiya ko ajin da aka yi da shi. Manomin da giwa ta ci wa gona a biya shi diyya a cikin shekarar, ba bayan ya mutu ba. Kaji da ƙwai da tumatirin da ake dafa wa baƙi a saye su a nan, kada a yo lodinsu daga birni. Mu kuma masu zuwa mu daina cika but da kayan gida kamar masu hijira, mu tsaya mu sayi zumar dattijon nan ko da muna da wata.

Sai dai duk wannan lissafi a kan kuɗin ƙofa yake. In ba mai shigowa, kaso nawa za a raba?

A 2020 gwamnatin tarayya ta amince da ƙarin gandayen ƙasa goma, ciki har da Falgore a Kano, Kogo a Katsina da Baturiya a Jigawa. Madalla. Amma suna a takarda bai taɓa hana kowa kafa sansani ba. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Jos ya san yadda ake ratsa Falgore: direba ya taka mota, fasinjoji na salati, ba mai ɗaga kai ya kalli itatuwa.

Namu laifin

Ba zan wanke mu masu zuwa ba. Na ga ledar ruwa na yawo a kan Wikki. Na ga samari sun kafa lasifika a tsakiyar daji kamar gidan biki. Birin da ya ƙwace wa 'yata burodi ma mu muka koya masa, da miƙa masa biskit don a ɗauki hoto. Sannan ga masu shiga motar zagaye suna yi wa ma'aikaci tsawa wai sun biya kuɗi ina zaki, kamar zakin albashi yake karɓa. Zakunan Yankari 'yan kaɗan ne suka rage, ana iya shekara ana zuwa ba a gan su ba. Kuma ma'aikacin nan da ake yi wa tsawa, abokan aikinsa sun rasa rayukansu a hannun mafarauta a cikin dajin nan.

Namu jagoran a wancan zuwan mutum ne mai ƙarancin magana. Kusa da kogin Gaji ya sa direba ya tsaya, ya sauka, ya kira yaran. Ya nuna musu kashin giwa, ya fasa shi da sanda, ya ce su duba cikinsa bai bushe ba, jiya da dare suka wuce. Ya nuna reshen da suka karya sama da tsayin motarmu. Sannan ya nuna sawu a cikin laka. 'Yata ta sa ƙafafunta biyu a cikin guda ɗaya, da sauran wuri. Muka yi tsit muna kallon inda sawun ya nutsa cikin kurmi. Ba mu gan su ba ranar. Ya ce mu dawo ƙarshen rani, Maris ko Afrilu, lokacin da ruwa ya ƙafe ko'ina sai Gaji, dabbobi duk su gangaro.

Na koma majalisa Juma'ar da ta biyo baya na faɗi kusan duk abin da na rubuta a nan. Mai gidan ya saurara har na gama, ya ce, "To Malam, ka je ka dawo lafiya tukuna, sai mu yi magana." Na ce na ji. Na riga na yi wa autana alkawarin hutun Afrilu, kuma tun ranar kullum sai ya tambaye ni ko giwa na cin burodi.